Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo Daura. Ba daga Makka ba, daga Kano.

Jiya tun hantsi muna filin jirgi, ni da Inna, sai dab da magariba wani mai farar riga ya fito ya ce an soke jirgin Jidda, inji ya samu matsala, a yi haƙuri. Haƙuri! Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu ta wuni a kan keken turawa da carbi a hannu, abin da za ka ce mata ke nan. Sun ce tikitinmu bai mutu ba, muna iya tashi duk ranar da muka shirya kafin ashirin ga Satumba. Amma jirgi na gaba mai gurbi sai bayan kwana tara, masaukinmu kuwa na kwana goma ne, an biya, ba a mayarwa. Cikin bijimai biyun da na yi shekara uku ina turkewa don wannan umara, guda ya tafi a kan gadon da ba mu kwanta ba.

Shigowa unguwa ce ta fi ciwo. Ranar Asabar muka zaga gida-gida bankwana, aka yafi juna, mata suka yi ta ba Inna sautu, wannan zamzam, waccan dabino. Yau ga mu a motar da ta kai mu. Tun daga rijiyar Kusugu Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Suhaibu na tsaye a ƙofar gida. Ƙanena, autanmu, Alhajin Mai'adua. Kafin in zagayo in buɗe mata ƙofa ya riga ni. Ta ce, "Suhaibu, ƙafata," ya ɗauke ta cak ya shige da ita. Ni na shigo da jakunkuna.

Laraba, 13 ga Agusta, da hantsi

Na je wurin Zailani, ejan ɗin da ya yi mana takardu. Ya tuna min da inshorar da ya matsa min na saya, wadda ke biyan asara in an soke jirgi. Lokacin har dariya Suhaibu ya yi min, ya ce shi sau biyar yana zuwa bai taɓa sayen wannan ba, tawakkali ya ishe shi. To yau wa gari ya waya?

Zailani ya cike takardar neman diyya, muka haɗa wasiƙar kamfanin jirgi da rasiɗin masauki, ya tura Legas. Fayil ɗaya ne ni da Inna, ni ne mai nema tunda ni na biya. Ya ce mako biyu. In suka biya mu kama wani masaukin mu tashi.

Ni zan kai ta.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Suhaibu ya zo da motarsa mai sanyi, ya zo da tuffa da madarar gwangwani, kamar a gidan nan ba a ciyar da ita. Ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, don me za mu jira mutanen Legas? Bari in biya masaukin ku tafi jibi." Yana magana haƙorin Makkan nan na walƙiya.

Na ce na gode, ba na buƙata.

Bari in rubuta dalili, tunda takarda ba ta kai tsegumi. Ni ne ɗan fari. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ba ƙi ba ne, alkunya ce, kowa ya sani. Uwa irin tasu ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Baure, sai da na isa shiga makaranta aka dawo da ni. In Inna za ta yi magana da ni sai ta kalli bango ta ce "kai". In da matata Murjanatu take magana, ni ne "maigidanki". In da wancan take magana, ni ne "yayanka". Shi kuwa Suhaibu sau ɗari a wuni. Suhaibu ka ci? Suhaibu rufe kanka, ana yayyafi. Mutum da gemu da 'ya'ya bakwai!

Ban taɓa ƙorafi ba. Amma ranar da muka binne Baba na ce a raina abu ɗaya zan yi wanda ba hannun kowa a ciki, da kuɗin gumina in kai ta ta ga Ka'aba, in tura kekenta da hannuna sau bakwai. In ya sa ko kwabo a ciki, shi ke nan, gari zai ce Alhaji Suhaibu ya kai tsohuwarsa, ya haɗa da yayansa.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Kasuwar Mai'adua, duba shanu tun safe. Mutum uku suka ce min, "Malamin dabbobi, kai ne yayan Alhaji Suhaibu ko?" Ba wanda ya taɓa ce masa shi ne ƙanen Malam Badaru.

Laraba, 20 ga Agusta, da azahar

Saƙo daga kamfanin inshora. Gobe ƙarfe sha ɗaya za su kira Inna a wayarta su tabbatar ta yarda in nemi diyya a madadinta. Zailani ya ce ba komai ba ne, minti biyu, tambaya uku. Na sa wayar a caji. Wayar ma Suhaibu ne ya saya mata.

Alhamis, 21 ga Agusta, da la'asar

Sun kira.

Juma'a, 22 ga Agusta, da safe

Murjanatu ta ce in ci abinci. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Malam, kai ma fa ka san ba da gangan ta yi ba." Na ce wa ya tambaye ki?

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

To bari in rubuta, ko ya fita daga ƙirjina.

Yarinya ce ta kira, ta ce sunanta Sumayya. Hausarta irin ta wanda ya koya a bakin iyaye amma bai zauna cikin mutane ba. Ta ce ana naɗar murya, kada kowa ya sa baki sai Mama. Na ƙara sautin wayar na ajiye a gaban Inna, na koma bakin ƙofa na zauna.

Ta tambayi sunan Inna, ta faɗa. Ta tambayi ina za ta je, ta ce Makka, in Allah ya yarda. Sai ta ce, "Mama, faɗa min sunan ɗanki."

Inna ta ce, "Suhaibu."

Na ji kamar saniya ta take min ƙafa. Yarinyar ta ce, "A'a Mama, wanda kuka yi tafiyar da shi, wanda ya biya." Inna ta kalli bango. "Mama, kina ji na? Kin san wani Badaru Isyaku?" Yarinyar ta sake cewa, "Mama, Badaru Isyaku, mene ne shi a wurinki?" Inna ta sa ɗan yatsa ta ture wayar gefe, ta ce, "Yarinyar nan ba ta da kunya." Na buɗe baki zan yi bayani, yarinyar ta ce, "Don Allah wane ne ke magana a bayanta?" Daga nan ta yi godiya ta kashe.

Na san dalili. Wallahi na san dalili, tun kafin a haifi yarinyar nan na san shi. An tambaye ta sunan ɗa, ta ba da wanda bakinta ke iya ɗauka. Amma sani daban, ji daban. An ce mata faɗi sunan ɗanki, ina zaune taku uku daga ita, ta ce Suhaibu.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Sun ƙi. Zailani ya karanta min wasiƙar. Wai wadda aka yi wa inshora ba ta tabbatar ta san mai neman diyya ba, ta ambaci wani suna dabam a matsayin ɗanta, kuma an ji muryar namiji yana ƙoƙarin sa mata magana a baki. Saboda haka an rufe fayil ɗin duka, har nawa.

Wato ni ɓarawo ne. Na samu tsohuwa a hanya na maƙala sunana a jikinta.

Zailani ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Ya ce laifinsa ne, da ya tuna da ya gargaɗe su. Ya ce akwai damar ƙorafi, a rubuta a sake dubawa.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Na rubuta shafi uku da Turancin da na ajiye tun kwaleji. Ka zauna kana yi wa mutanen Legas bayanin alkunya! Na ce uwata ba ta manta ni ba, ba ta ruɗe ba, hankalinta ya fi nawa. Na ce a ƙasarmu rashin faɗin sunan shi ne shaidar cewa ni ne na farinta, da ta faɗa da sauri ma sai ku yi shakka. Da na sake karantawa sai na ga kamar ba su nake lallashi ba.

Na je wurin mai unguwa ya ba ni takarda da hatimi. Ya ce shi ma tsohuwarsa har ta koma ga Allah "wancan" take ce masa. Ya faɗa yana murmushi kamar abin alfahari. Wataƙila shi ba shi da ƙane mai mota.

Juma'a, 29 ga Agusta, da hantsi

Kotu, takardar rantsuwa. Na ɗauko Inna a Keke Napep ta dangwala yatsa. Magatakarda ya karanta mata, "Kin yarda wannan ɗanki ne?" Ta ce, "To ɗan wa zai zama?" Ka ji fa. Da haka yarinyar ta yi tambayar da tuni an wuce wurin.

A hanyar dawowa ta ce a tsaya ta sayi gyaɗa dafaffiya, Suhaibu na son ta.

Asabar, 30 ga Agusta

Allah na tuba. Hassada ga mai rabo taki ce, na sani, ni ma ina faɗa wa mutane.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Na kira kamfanin sau shida. Waƙa suke sa maka kana jira katinka na ƙonewa. A na shida na samu Sumayya. Na shirya mata maganganu tun daga gida, amma ta riga ni. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na karanta wasiƙarka. Ni a Legas aka haife ni. Na tambayi babana, ya ce shi ma kakata ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ni ban taɓa lura ba wallahi."

Na ce to madalla, sai ku biya.

Ta ce ba a hannunta yake ba. Ogansu ya ga takardun ya karɓa, amma tunda da murya aka rufe fayil ɗin, da murya za a buɗe shi. An ba da dama ɗaya, kira na ƙarshe. Dole Mama ta faɗi cikakken sunan mai nema da bakinta, ta faɗi abin da yake a wurinta. E ko a'a ba ta isa ba, don an riga an rubuta cewa ana sa mata magana. Ta ba ni lambarta ta ofis, ta ce duk ranar da Mama ta shirya a kira.

Na ce, "'Yata, kin san abin da kike nema kuwa?" Ta ce ta sani yanzu.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Saura kwana goma sha takwas tikiti ya mutu. Jiya ƙafafun Inna sun kumbura, likita ya ƙara mata ƙwaya, ya ce in za a yi tafiyar a yi ta bana.

Ni zan kai ta.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan magariba

Mun yi da Suhaibu yau, a zaure, har maƙwabta suka ji.

Ya ce, "Yaya, ina da tafiya ran sha huɗu. Na sa an riƙe mata kujera. Tunda ka ƙi in biya muku masauki, ni zan tafi da ita, kai ka zauna ka gama shari'arka da Legas."

Na ce wa ya ba ka izini?

Ya ce, "Izinin me? Uwata ce."

Na ce sau biyar kana zuwa, ba ka tuna uwarka ce ba sai da ka ga na sayar da shanuna?

Ya ce, "Sau uku ina cewa zan kai ta kana cewa in bari, kai ka yi alkawari. Na bari. Shekara takwas, Yaya! Da ƙafarta za ta yi ɗawafi lokacin, yanzu sai a keke. In ta mutu ba ta je ba saboda girman kanka, wa za ka ce wa?"

Na ɗaga hannu. Ban mare shi ba, amma na ɗaga. Ya tsaya yana kallona, bai kauce ba. Daga cikin gida muka ji muryarta, "Suhaibu, zo nan." Ko a faɗa shi ake kira.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Juma'a, 5 ga Satumba, da hantsi

Murjanatu ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je ka durƙusa ka gaya mata abin da ake so, sau ɗaya ne, iska ce za ta fita daga baki." Na ce ke da kike kiran ɗanki na fari gatsal kamar mai kiran akuya, ina za ki gane? Ta ce, "Shi ya sa nawa ba zai kai hamsin yana kishin ƙanensa ba."

Na fita ban karya ba.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Na shiga ɗakinta da niyya. Ana ruwa, tana zaune tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na zauna. Na ce, "Inna, mutanen nan na Legas." Ta ce, "Uhm." Na ce, "Sun ce za su sake kira." Ta ce, "Uhm."

Sai na kalli hannunta a cikin waken. Matar nan shekara hamsin da ɗaya tana riƙe da abu guda, ko ranar da na faɗi a babur aka kawo ni jina-jina ba ta saki ba, an ce bayan ɗaki ta zaga ta yi kukanta. Yanzu in zo in ce ta sake shi a gaban baƙuwar yarinya saboda kuɗin otal? In kuma na roƙa ta faɗa, to roƙa na yi. Ban san ko ina son abin da aka roƙa ba.

Na ce, "Ba komai, ɗakin na yoyo ne?" Ta ce ba ya yi. Na fito.

A tsakar gida na ga sabuwar jaka mai taya, ja, da leda a jikinta. Ba sai an gaya min wanda ya kawo ba. Tawa baƙa da na saya mata tana ƙarƙashin gado.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ya je ya tafi da ita. Me ya dame ni? Lada dai na niyya ne.

Ƙarya nake yi. Ya dame ni. In na rufe ido shi nake gani riƙe da keken, ta ɗaga kai ta ga Ka'aba ta ce, "Suhaibu, ka gani?"

Litinin, 8 ga Satumba, bayan isha'i

Rigakafin shanu a rugagen bayan Baure. Na bar gida da asuba a babur, ba sabis a can, na dawo a gajiye da kashin shanu har gwiwa. Na tarar da motar Suhaibu a ƙofar gida, na ce yau kuma me aka kawo, jirgin ne da kansa?

Yana zaune a zaure shi kaɗai, ba waya a hannu, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Yaya, zauna." Na ce a tsaye ma ina ji. Ya ce, "An buɗe fayil ɗinka. Za su biya cikin kwana biyar."

Na zauna.

Ga yadda aka yi, daga bakinsa da na Murjanatu. Ashe tun ranar Asabar da na fito daga ɗakin, Inna ta kira Murjanatu ta ce maigidanki ya shigo da magana ya fita da ita, mece ce? Murjanatu ta zayyane mata komai. Inna ta ce yaushe zai yi nisa da gida? Aka ce Litinin. Yau da hantsi ta aika aka kira Suhaibu. Ya zo da murnarsa, yana zaton maganar ran sha huɗu ce. Ta ce ya mayar da jar jakarsa mota, wanda ya fara ɗaukar kayanta shi zai sauke su. Ta sa Murjanatu ta ba shi lambar yarinyar daga littafina, ta kore ta zuwa maƙwabta. Shi ma da za ta kore shi, sai dai ba ta iya latsa wayar ba. Ta ce ya kira, ya ajiye, ya juya mata baya ya fuskanci ƙofa.

Na ce, sai me?

Ya ce, "Sai ta faɗa."

Na ce me ta ce?

Ya ce, "Ta ce, Badaru Isyaku. Yarinyar ta ce mene ne shi a wurinki. Ta ce, ɗana ne, na fari, shi zai tura ni."

Sai ya ƙara da cewa, "Ni kullum tana kiran sunana kamar mai neman a miƙo mata buta. Ban taɓa jin ta ɗauki suna da hannu biyu ba sai yau." Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce Allah ya kai ku lafiya. Muryarsa ba daidai take ba. Ashe shi ma yana da nasa.

Talata, 9 ga Satumba, da asuba

Shi ya ji. Ni ina can ina bin saniyar wani da sirinji.

Shekara hamsin da ɗaya ina jira, aka faɗa sau ɗaya, ya shiga kunnen Suhaibu da na wata yarinya a Legas.

Talata, da la'asar

Na shiga gaishe ta. Tun jiya ba ta fito tsakar gida ba, Murjanatu ta ce ko tuwon dare ba ta taɓa ba, wai kunyar Suhaibu take ji. Ta ja mayafi har hanci. Na ce, "Inna, an ce an daidaita." Ta ce wa bango, "To, Alhamdu lillahi. Kai, ka duba tayar keken nan, tana ƙara."

Na ce to.

Laraba, 10 ga Satumba, da azahar

Zailani ya samo masauki, kuɗi na shigowa zai kama. Jirgi ran sha takwas. Wannan karon ba bankwana, Inna ta ce wanda aka yafa an yafa.

Na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Na kira Sumayya na yi mata godiya, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, tunda kun ce kuna naɗar murya, ko za a iya turo min ta ranar Litinin? Don ajiya kawai, saboda fayil.

Na san ta gane. Ta ce, "Baba, na so a ce zan iya. Muryar ta Mama ce, ba a ba kowa sai da izininta. Sai ta kira da kanta ta faɗi sunan wanda za a ba."

Na yi dariya har ta tsorata.

Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi

Bakina bai riƙe ba, na gaya wa Murjanatu. Ta tafa hannu ta ce, "To ai faɗuwa ta zo daidai da zama! A kira, ka laɓe a bayan ƙofa, ka ji da kunnenka, ga kuma naɗin a ba ka." Ta ce ita za ta shawo kan Inna, tunda an yi sau ɗaya na biyu ba wuya.

Na yi tunani, wallahi na yi. Har na ɗauko wayar Inna na duba caji.

Amma matar nan sai da ta tabbatar na yi nisan da ba zan ji ba sannan ta buɗe baki. Kwana uku ke nan ba ta iya haɗa ido da autanta. Ta biya abin da ya fi bijimina tsada don kada wani ya tura ta sai ni. In laɓe in saci sauran?

Na mayar mata da wayar na ajiye a gefen faifai. Na ce wa Murjanatu a bar maganar, kada in sake ji.

Har yanzu ina jin haushin Suhaibu, kuma ina jin zan mutu da shi. Ya ji, ban ji ba. Amma ran sha takwas shi zai tsaya a bakin gilashi a Kano yana ɗaga hannu.

Na fito da keken tsakar gida na juya shi, na sa wa tayar mai. Tana ɗaki tana jin ƙarar na raguwa. Can ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ya isa haka, kar ka ɓata rigarka."